Rabin Kuloci

A kan gadar Ƙofar Nassarawa ta fara.
Inji na kuka kamar zai tsage,
mota na tafiyar hawainiya.
Na ƙara mai, allura ta haura,
tayoyi suka ce ba da su ake ba.
Wani ƙauri ya biyo ta ƙarƙashin kujera,
irin na tuwon da aka manta a murhu.
Mai adaidaita ya danne oda a bayana,
ya leƙo: "Baba, ko a tura?"

Na lallaɓa ta har Ƙofar Ruwa,
rumfar Tasi'u, bayan masu gilasai,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta manta launinta.
Bai ɗauki sifana ba tukuna.
Ya zauna mazaunina, ya ja burkin hannu,
ya sa giya ta uku, ya saki kuloci sannu.
Lafiyayyar mota nan take za ta mutu,
tawa ta ci gaba da gurnani.
"Ka ji ko? Zamewa take. Filet ya cinye."
Ya sake takawa, ya karkata kunne,
wani siririn fito kamar gyare a ɗaki.
"Boris ma ya nemi sallama."

Sabi'u da Ɗan'azumi suka shimfiɗa kwali,
suka shige ciki, sai ƙafafu a waje.
Noti na faɗawa cikin gwangwani ɗaya ɗaya.
Ana kiran la'asar giyabos ya sauko
da nishin mutum uku.

Sai ya yafito ni: "Zo ka ga filawil."
Faifan ƙarfe, fuskar da ya kamata ta yi sumul,
ga tabo shuɗi shuɗi inda wuta ta lasa,
ga tsaga sirara kamar faso a diddige.
Ya zagaya haƙoran da yatsa, suna nan cif,
ya shafa bayan, babu yoyon mai.
"In na ɗora sabon filet a wannan fuska,
wata biyu ka dawo kana zagina.
A kai wa tana ya share, in da sauran kauri.
In babu, sai ɗan Kwatano, ka shirya aljihu."

Na yi shiru ina lissafin fansho.

Ya goge hannu da tsumman da ya fi hannun dauɗa,
ya ce, "Malam Habu, in tambaye ka.
Ina kake ajiye ƙafarka ta hagu?"
Na ce, a ƙasa mana.
Ya yi dariya, ya nuna robar feda,
gefe guda ya suɗe har ƙarfe ya leƙo.
"Ƙarfe ba ya shaidar zur.
Ba ka taka ba, ba ka saki ba,
tsakanin nan ne wuta take kamawa."

Ban gaya masa ba.
Shekara bakwai ke nan, a Kurna,
wani yaro kan keke ya faɗo gabana.
Gwiwa kawai ya kurje, ya miƙe,
har shi ne ke ba ni haƙuri.
Ya tafi abinsa, ƙila yanzu ya yi gemu,
amma ƙafata tun ranar ba ta sauka ba.
Tana nan a rataye, tana jiran keke.

Kwana biyu, tana ya share, kauri ya isa.
Na biya, saura dubu huɗu sai ƙarshen wata.
Giya ta shiga kamar cokali a man shanu.

A cunkoson Kabuga na dafa ƙafar a ƙasa,
na ce mata, zauna nan.
Kafin danja ta ba da hannu ta hau.
Na sauke ta.
Wajen Rijiyar Zaki ta sake hawa.
Na sake sauke ta.