Lambar da Kawu Modi Ya Bari

A ƙasan adakar Kawu Modi,
cikin tsumman rawani,
na tsinci lamba mai nauyi:
gaba, fuskar wani Bajamushe;
baya, roka ta ɗaga hanci tana neman wata.

Na kai ta Maƙera Asada.
Ɗan'ige ya goga a dutse, ya ɗora a sikeli,
ya ce, "Azurfar ba yawa.
In narka maka zobe?"

Sai na tuna Kawu bayan isha'i:
"Wannan ya auna hanyar sama.
Waɗanda suka haƙa masa rami da yunwa
ko anini ba a buga musu ba."

Na karɓe abata.
A hanyar gida Zara ta fito,
tana gefen wata,
ba wanda ya harba ta.