Direban 'Yan Aji Shida

Ni dai direba ne, ba malami ba.
A aji huɗu na tsaya, ranar da babana ya ce
garejin Suwame ma makaranta ce.
Shekara ashirin da ɗaya ina kan sitiyari,
Aboabo zuwa Kejetiya, Kejetiya zuwa Aboabo,
har tayoyina sun haddace ramukan hanya.

Ranar wata Laraba aka yi shatar motata.
'Yan aji shida, su ashirin da uku,
da Madam Safura, da kwandon burodi,
da wake da shinkafa a ƙunshin ganye
wanda ƙamshinsa ya riga mu fita gari.

Kafin mu wuce Atonsu, Zuwaira ta yi amai.
Kafin Kuntanase ta warke, ita ke ba da waƙa.
Akwasi ya ƙirga awaki sittin da ɗaya,
ya rantse ɗaya ta harare shi.
Munkaila kuwa, a kujerar bayana,
bai ce uffan ba.
Idonsa na kan hannuna, kan giya, kan allurar mai.
Na ce yaron nan barci yake da ido buɗe.

Sai hanya ta gangara, kunnuwa suka toshe,
sai ga Bosomtwi can ƙasa,
kamar tasar ruwa da aka ajiye tsakanin tsaunuka aka manta.
Surutu ya ɗauke ɗif.
Madam ta ce dutse ne ya faɗo daga sama
tun babu mai ba da labari,
ya fafe ƙasa, damina ta cika ramin.
Sau nawa na kawo fasinja nan,
ban taɓa tambayar wa ya haƙa shi ba.
Na raɓe bayan yara, hula a hannu,
ina satar karatu kamar mai leƙen silima ta katanga.

Masunta na zaune kan gungume, ba jirgi ba,
suna tuƙi da hannu.
Latifa ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa.
Takalmin Tijjani ɗaya yana can har yau,
kifaye na haya a ciki.

Bayan mako biyar aka aiko mini takarda,
wai in zo ranar ba da kyauta.
Na ce ni a su wa? Amma na goge farar riga.
Aka kira Latifa, ta ɗaya a lissafi.
Zuwaira ta karanta labarin tafkin da Turanci,
ta tsallake zancen aman.
Afiya ta ɗaga zanen da suka buga wa tambari
ranar da tsohon Ntonso ya zo koya musu,
baƙin rinin bai gama barin farcenta ba.

Sannan Munkaila.
Abin da ya haɗa a ajin ƙere-ƙere:
gwangwanin madara shida, marfin kwalba huɗu,
batirin tocila, 'yar siririyar waya.
Ya ajiye kan tebur, ya taɓa,
fitila ta kama, ta gangara.
Mota ce.
Motata ce.
Ga lotsewar ƙofar baya da na ƙi gyarawa,
ga madubin hagu ɗaure da roba,
ga rubutun goshi, Sai Haƙuri,
har ya sa wa harafin ƙugiyar da mai fentina ya manta.

Ta bi tebur, ta kai ƙarshe, ta faɗa cinyar hedimasta.
Jama'a na tafi, ni na kasa.
Aka ce, Malam Ɗan'azumi, ka ce wani abu mana.
Na ce, yaro, ina birki?
Ya ce, shi nake so ka koya mini.

Na ce ranar Asabar kawai,
kuma sai na ga littafinka tukuna.
Ban gaya masa ba
cewa ni ma akwai abin da nake son dubawa a ciki:
shafin nan na dutsen da ya faɗo.