Yatsan Labbo

Bayan akurkin kaji, a gidanmu na Mabera,
nan yayana Labbo ya haƙa ramin wuta.
Ba shi da rumfa a Kara, ba shi da allon suna,
sai wilin tsohon keke da ya ɗaura wa igiya,
in ya murza, iska ta bi bututu
ta tada gawayi daga barci.

Mu ke tsinto masa abin narkawa:
gwangwanin lemo da mota ta taka a tasha,
murfin buta, kunnen tukunyar da ta mutu,
har fistan babur ɗin Nomau ɗan kabu-kabu
da ya buga a kan gadar Kwalkwalawa.
Labbo ya jinjina a tafi, ya ƙwanƙwasa da farce:
"Wanga goran ruwa na, na ƙwarai.
Wancan ko ƙarfe na, kai ma 'yan gwangwan."

Ƙasar zubi daga bakin Rima yake ɗebo ta.
Ya tankaɗe awa garin tuwo, ya yayyafa ruwa,
ya dunƙula a hannu.
In ta riƙe ba ta tsage ba, ta yi.
In ta sha ruwa da yawa, zubi tofi yake yi,
tabon da ke ƙwaurinsa shi ne shaida.

Lokacin zubi ba a magana.
Inna ta kora yara zaure, ta kama kaji ta kulle.
Ya kwashe dattin da ya taso sama,
sai ga abin yana rawa cikin kasko,
fari fat, kamar an narka wata daren sha huɗu.
Ya yi bisimilla, ya karkata,
ƙasa ta haɗiye, ta huro hayaƙi ta hanci.

Shekarar da na fara saida ɗanwake
a ƙofar makarantar firamare,
ya ce zai zuba mini tukunya mai cin tiya biyu.
Yana cikin gyara ƙasa aka yi sallama,
ya waiga, ya dafa da babban yatsa bai sani ba.
Da aka fasa ƙasa, tukunya ta fito sumul,
sai wuri guda ƙarƙashin kunne
inda yatsan ya yi tudu,
har da zanen fata, har da tsagar da wuƙa ta yi masa.

Ya ɓata rai. "Kawo in maida ta wuta."
Na ce ruwa na kan murhu, gobe sai ka narka.
Goben ba ta zo ba.

Gawayi ya yi tsada, gwangwani ya koma kilo.
Wata asuba ya naɗe tabarma,
ya bi mota ta Illela zuwa haƙar zinariya.
Wanda ya iya maida shara ludayi
ya tafi neman abin da ba a miya da shi.
Waya biyu ya yi. Bana damina ta bakwai.

Ramin wuta yanzu kaji ke wanka ciki.

Tukunyar tana nan. Gindinta ya yi baƙi,
ta ciyar da 'yan makaranta har wasu sun zama malamai.
Jiya ta fara ɗiga.
Yaron da ke yawo da baro ya ce,
"Iya Kulu, ba ni ita da ciko kaɗan, in ba ki sabuwa."
Na ce ya tura baronsa gaba.

Na toshe hujin da ƙullun gari.
Da yamma in na zauna wanki da toka da soso,
nakan dirje ko'ina har ta yi ƙyalli,
amma ƙarƙashin kunne ruwa kaɗai nake zubawa.
Nan nake dafawa in zan sauke ta daga wuta.
Yatsana bai cika gurbin ba.