Abokan Tafiyar Ƙarfi

Malam Gidado ya ce, a ajinmu na Bajoga,
kalmar ƙarfi ta Turawa ba ta yawo ita kaɗai.
Haɗa ta da iska, sai ga sojan sama,
jingina ta da aiki, sai ga taron ma'aikata.
Mu haddace goma kafin Litinin.

Huɗu na riƙe. Sauran na bar su a allo,
na taho gida ina lissafa namu.

Ƙarfin tuwo na Baffa ne,
shekara sha tara yana dakon siminti a Ashaka
har kafaɗarsa ta yi kanta.
Fin ƙarfi kuwa mun gan shi ran da aka auna gonarmu,
aka kafa turaku, ko sannu babu.

Yanzu bayan Baffa ya ƙi miƙewa.
Inna Dudu ke fita tun asuba da kaskon ƙosai,
tana tari, tana cewa lafiya lau.
Wannan shi ne ƙarfin hali.

Ran Litinin Malam ya tashe ni.
Na kawo huɗu, na yi shiru.
Ya ce, saura shida.
Na ce, suna gida, Malam,
ba sa jin Turanci.