Ƙofa ta Biyu a Mongu

Bana ruwan Zambezi ya shanye fadama,
sai da kwale-kwale na iso Mongu,
ni da kwandon bandar kifi
da katin asibiti naɗe cikin leda.

Shekara goma sha ɗaya ke nan
ina haɗiyar ƙwayar nan bayan tuwon masara.
Ni da ƙanjamau mun zama maƙwabta masu gaba:
ba ma gaisawa,
amma kowa ya san tarin kowa.

Na karɓi maganin wata uku, na gyara ɗaurin zani,
sai Sista Inonge ta kama hannuna.
"Nalishebo, ƙofa ta biyu fa?"

Na ce, Sista, ai na biya nawa kason.
Cuta ɗaya ba ta ishi mace ɗaya ba?

Ba ta yi dariya ba.
Ta ce, "Bangon da ya taɓa tsagewa,
ba ƙadangare ɗaya ke leƙa shi ba.
Sankarar bakin mahaifa ta fi saurin samun irinku,
kuma ba ta sallama."

Ba ta sallama.
Haka ta shigar wa innata Mwangala.
Jini bayan al'ada ta daɗe da tafiya,
tsummokaran da take wankewa da tsakar dare,
warin da muka ɓoye cikin hayaƙin banda.
Muka ce jifa ne.
Shanu biyu suka tafi gidan boka,
ita ma ta bi bayansu kafin ruwa ya janye.

Na hau gadon.
Ƙarfe mai sanyi, fitila tsakanin gwiwoyina,
kunya ta zauna mini a ƙirji kamar dutsen niƙa.
Auduga, da ruwan khal mai hawa hanci.
"Minti ɗaya," in ji ta.
A cikin mintin nan na ƙirga ƙusoshin silin,
na aurar da 'yata, na biya bashin gishiri,
na mutu, na dawo.

Sai ta juyo mini da hoto.
Hanyar da 'ya'yana huɗu suka bi suka zo duniya,
yau na fara ganinta.
Ja ce, sumul,
sai a gefe wani fari-fari
bai kai ɓawon kifi girma ba.

"Ita ce?"
"Ba ita ba ce tukuna. Sawunta ne.
Yau za mu share shi."

Ta ɗora wani ƙarfe mai ɗumi.
Marata ta murɗa kamar ranar farkon al'ada.
Kafin in gama kiran sunan innata an gama.
Abin da ya ci shanu biyu da mace guda,
ko ruwan shayi bai isa tafasa ba.

"Mako huɗu, ki ce wa Mubita ya yi haƙuri.
Baɗi war haka ki dawo."
Ta rubuta ranar a bayan katin ƙwayata,
kati ɗaya, alƙawari biyu.

Kifin ban sayar da rabinsa ba, rana ta yi.
A kwale-kwale ina ta tunanin ƙanwata Sibeso.
Tun da mijinta ya rame ya tafi
ta hana kowa taɓa yatsanta da allura.
Ta ce abin da ba ka sani ba, ba ya hana ka barci.
Amma na san ba ta barci.

Zan ce mata, zo mu je ƙofa ta biyu kawai.
A can ma za su tambaye ta yatsa,
in ta miƙa nata ne, in ta naɗe hannu nata ne.
Ni dai zan zauna kan benci a waje,
in riƙe mata takalma,
in biya kuɗin kwale-kwale zuwa da dawowa.