Rigar Soja a Dilar Bosho

Ranar Litinin, kasuwa ta cika,
Ɗan Jimma ya yanke igiyar dila.
Cikin wanduna da rigunan sanyi
sai ga wata koriya mai aljihu huɗu,
da tabon tuta a kafaɗa.
Jikka biyu na biya. Ni tela ne,
maɓallanta nake so.

Da dare a Bagalam na sa reza, na farke shafi.
Ashe wani ya riga ni ɗinki a wurin:
baƙin zare, hannu na rawa,
ɗinkin wanda bai taɓa riƙe allura ba
sai ran da tsoro ya koya masa.

Takarda ce, ninki takwas,
ta yi laushi kamar dafaffiyar rama.
Lambobi biyar-biyar, layi bisa layi,
zanen kogi, zanen gada,
can ƙasa kalma uku.

Mushe Gonda ya goge tabarau da bakin riga,
ya ce Ingilishin Amirka ne,
wai: "Kada ku zo."

Su wa?
Gadar tana wace ƙasa, wace shekara?
Saƙon dai bai isa ba,
tunda ga shi a Maraɗi
tsakanin almakashi da kwalbar man keke.
Ƙila sun zo.

Na mayar da ita, na ɗinke da farin zare.
Yanzu Tsahiru mai kabu-kabu ke sa rigar da asuba,
gargaɗin na kwance a ƙirjinsa,
yana kai kowa inda ya ce a kai shi.