Abin da Fom Bai Tambaya Ba

An aiko ni Vigo da jaka da fom mai shafi tara,
in auna ko Hukumar Daidaito ta isa ga ma'aikata,
ko kuwa sallama ta yi a bakin ƙofa
ta juya tun ba a amsa ba.

Rahotonsu na hannuna, sai sheƙi yake:
taro goma sha biyu, takardu dubu uku,
mahalarta duk sun gamsu.
Ruwa na zuba a kan tashar jiragen ruwa,
ƙarnin kifi ya riga ni shiga kowane lungu.

Na hau ɗakin ƙungiyar mata masu gyaran kifi,
saman gidan burodi, matakala ashirin da ɗaya.
Dorinda Outeiro ta miƙo mini kujera mai gurguwar ƙafa.
Na leƙa ƙasa, sai ga takardar hukuma
an ninke ta huɗu, ita ta tallafe ƙafar.
Ta ce, "Rubuta, ta yi amfani."

Na ce, kin je taronsu?
"Ƙarfe goma na safe suka sa.
Ƙarfe goma ina tsaye, wuƙa a hannu,
kifi na wucewa kamar ba zai ƙare ba.
Masu ofis suka je, suka sha gahawa,
suka ɗauki hoto, aka ce mu ne.
An yi mana aski ba ma nan."

Shekara talatin da ɗaya tana feɗe kifi.
Ita ta koya wa Brais riƙon wuƙa
yana yaro, yana kuka don sanyi.
Yau yana tuƙa motar ɗaga kaya,
albashinsa ya haura nata da kashi ɗaya cikin biyar.
Ba ta jin haushinsa, ta ce, yaron kirki ne.
Ta shimfiɗa hannuwanta a kan tebur,
yatsu sun karkace, gaɓoɓi sun kumbura.
Na duba shafi tara.
Babu akwatin da zan sa hannuwa.

Da yamma na nemi 'yan Peru masu aikin dare.
Wilmer Quispe ya yi dariya har da tari:
"Wasiƙar gayyata? Ta je tsohon ofishinmu,
wanda ya zama shagon wanki shekara uku ke nan."

Amma kada in ci amanar gaskiya.
Duk inda na zauna, suna ɗaya nake ji:
Anxo, ƙaramin ma'aikaci, mai lema a karye.
Ba ya cikin hotunan rahoto.
Bayan an tashi aiki yake zuwa, da kuɗin motarsa,
ya zauna a baya, ya fi saurare da magana.
Shi ya bi takardar Sabela ofis ofis
da aka sallame ta tana da cikin wata biyar,
har aka mayar da ita, wata bakwai ana ja.
Hukuma ba ta ƙirga wannan ba,
don ba a yi rajista a bakin ƙofa ba.

Dare ya yi, ina masauki, takalmina a jiƙe.
Tambaya ta ƙarshe: daga ɗaya zuwa biyar,
nawa za ka ba su?
Na riƙe biro har ya yi ɗumi.
In ba da biyu, Anxo ya sha faɗa tare da su.
In ba da huɗu, badi ma ƙarfe goma za su sa.

Na rubuta biyu.
A gefen shafi, inda aka ce kada a yi rubutu,
na ƙara: mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.
Ku je ƙarfe takwas na dare.
Ku hau matakalar.
Ku tafi da kujera.